Uwar Ɗakin Wanki da Magajiyarta

Duk baƙon da ya taɓa kwana a otal ɗin ya kwanta a kan aikin hannunta, amma da wuya a samu ɗaya a cikinsu da ya san fuskarta. Ɗakin wanki yana can ƙasa ta bayan ginin. Sai an sauka wata siririyar matakala, an wuce wurin ajiye tsintsiya da bokitai, sannan a iske ƙofarsa, kuma tun kafin a tura ƙofar gurnanin injuna yake tarbar mutum. A ciki akwai injinan wanki jere a jikin bango ɗaya, na busarwa a ɗaya bangon, teburan guga a tsakiya, sai wata doguwar na'ura a ƙurya wadda ake cusa mata zanen gado ta wannan gefe ya fito a miƙe ta wancan. Taga ɗaya ce, can sama kusa da rufi, ba abin da ake gani ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Ko'ina tururi ne da ƙamshin sabulu.

A nan ta yi mafi yawan rayuwarta. Ma'aikatan suna kiranta Uwar Ɗaki. Da farko tsokana ce, wai uwar ɗakin wanki, sai sunan ya bi ta har gida, har mijinta ma, wanda direban bas ne a cikin gari, idan yana son jan ta da wasa haka yake ce mata. Gajeruwa ce mai jiki, ba ta da yawan magana, kuma idan tana sauraron mutum takan ɗan karkata kai gefe, don hayaniyar injuna ta daɗe da taɓa mata kunne ɗaya.

Tana matashiya ta fara aikin, a teburin guga, lokacin ta yaye ɗanta na biyu. Rana ɗaya aka ɗauke su ita da wata mace doguwa mai sanyin hali, wadda kowa yake kira Doguwa. Teburansu suna daura da juna, tare suke cin abincin rana a kan wani benci a bakin ƙofa, kuma tun daga lokacin suka zama ƙawaye na ƙut da ƙut. Idan ɗan wannan ba shi da lafiya, waccan ce take gama mata guga.

Shugaban ɗakin a wancan zamani wani mutum ne da ake kira Tsawa a bayan idonsa. Ya san aiki, wannan kam ba a raba shi da shi, amma bai san yadda ake yi wa mutum magana ba tare da jijiyar wuyansa ta tashi ba. Idan aka ƙona rigar filo, sai ya ɗaga ta sama ya zagaya da ita tebur tebur yana tambayar wane mara hankali ne. Saboda haka kowa ya koyi ɓoye ɓarnarsa. Bayan ya yi ritaya, da aka zo canza wani tsohon injin busarwa aka janye shi daga jikin bango, sai ga tarin rigunan filo da tawul ƙonannu a bayansa, wasu har sun ruɓe. Ma'aikata suka yi ta dariya, kowa yana nuna nasa. Ita ba ta yi dariyar sosai ba. Ta tsaya tana kallon tarin, don a lokacin ita aka riga aka ɗora a kujerar Tsawa, ta kuma ƙudurta a ranta cewa a zamaninta ba wanda zai ji tsoronta har ya ɓoye abu.

Sai dai gudun halin Tsawa ya kai ta wani gefen. Shekararta ta farko ba ta iya tsawatar wa kowa. Waɗanda take shugabanta abokan zamanta ne na jiya, tana jin nauyin su. Mai zuwa a makare ya zo, ta ce ba komai. Mai barin aiki rabi ya bari, ta naɗe hannun riga ta ƙarasa. Ita ce farkon zuwa, ita ce ƙarshen tashi. Wata ranar hutu tana zaune a tsakar gida tana matsa ƙafafunta, mijinta ya dube ta ya ce, “Uwar Ɗaki, ni fa ban gane ba. Shugabarsu aka naɗa ki ko 'yar aikinsu?”

“Taimaka musu nake yi,” ta ce.

“To Allah ya ba da lada. Ni dai da a ce kwandastana ya saba ni nake karɓar masa aikinsa ina tuƙi, da tuni mun faɗa rami mu duka.”

Ta harare shi, amma maganar ta zauna mata. Daga wannan makon ta fara kiran mutane ɗaya bayan ɗaya zuwa wurin ajiye tsintsiya, ta rufe ƙofa, ta faɗa wa kowa abin da take gani a aikinsa, mai kyau da mara kyau. Wasu suka ji haushi, wata ma ta daina gaishe ta na ɗan lokaci. Amma ba ta taɓa yi wa kowa faɗa a gaban jama'a ba, kuma sannu a hankali aka gane cewa idan Uwar Ɗaki ta ce, “Zo mu duba tsintsiya,” to akwai magana, kuma maganar a can za ta tsaya.

Shekaru suka ja kafin a kawo Barkono. Siririya ce, baƙa, mai saurin hannu da saurin baki, ba ta kai 'yar Uwar Ɗaki ta fari ba a shekaru. Sunan tun daga gida ta zo da shi, kuma ba wanda ya buƙaci a yi masa bayani. A makonta na farko aka ajiye ta wurin rarraba kaya, inda ake ware farare daga masu launi kafin a zuba a inji. Ranar otal ya cika maƙil, kowa yana ta kansa. Wani jan ƙyallen tebur ya shige cikin fararen kaya, a cikinsu har da farar rigar wani baƙo mai tsada. Da aka buɗe injin, komai ya koma ruwan hoda.

Manaja da kansa ya sauko, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da rigar yana tambayar wane ne ya yi wannan aika-aika. Barkono ta riga ta cire rigar aikinta ta dunƙule a hannu, bakinta a tsuke, a shirye take ta mayar da martani kafin a kore ta.

“Ranka ya daɗe, daga ɗakin nan ne,” Uwar Ɗaki ta ce. “Ni ke da ɗakin. Ka bar ni da shi, zan hau in ba baƙon haƙuri da kaina.”

“Suna nake tambaya.”

“Sunan da zan ba ka nawa ne, ranka ya daɗe.”

Ya dube ta, ya dubi rigar, ya juya ya hau. Ta bi shi, ta je ta sha faɗan baƙon a tsaye, ta dawo. Sannan ta yafito Barkono zuwa wurin tsintsiya. Ƙofar ba ta gama rufuwa ba yarinyar ta fara.

“Anti, ni fa ba wanda ya nuna mini komai. Aka ce tsaya nan ki ware, na tsaya. Ƙyallen a naɗe yake cikin zanen gado, ina zan sani ana warware kowane zane? Idan kora ce a kore ni, amma kada a ce laifina ne ni kaɗai.”

Uwar Ɗaki ta karkata kai ta saurare ta har ta gaji ta yi shiru. Sannan ta ce, “Kin gama? To mayar da rigarki. Gaskiyarki, ba a nuna miki ba, wannan nawa ne. Naki kuma shi ne ba ki tambaya ba. Bakin nan da kike da shi, da kin yi amfani da rabinsa wurin tambaya, da rigar mutum tana nan fara.”

Barkono ta mayar da rigarta.

Abin ya daɗe yana yi wa Uwar Ɗaki yawo a kai. Ta lura cewa a ɗakin kowa ya san kusurwarsa ne kawai. Masu guga ba su san abin da ake yi a inji ba, masu inji ba su taɓa riƙe dutsen guga ba, shi ya sa ba wanda ya ga laifin a ajiye sabuwar yarinya ita kaɗai a wurin da ya fi ko'ina haɗari. Idan mutum ɗaya ya kwanta ciwo, kusurwarsa ta mutu sai ya warke. Sai ta tara su wata safiya kafin a kunna injuna, ta ce daga yanzu kowa zai zagaya, ya yi ɗan lokaci a kowane wuri har ya iya, kuma sabon zuwa ba zai tsaya shi kaɗai ba sai an haɗa shi da tsohon hannu.

Ba su so ba. Wanda ya fi kowa ƙi shi ne Baba Mai Inji, dattijon da yake kula da injinan wanki tun zamanin Tsawa. Yana ji da injinan nan kamar 'ya'yansa, har shafa su yake yi idan sun yi gardama.

“Yanzu ni da furfurata za ki tsayar a teburin guga?” ya ce. “Su kuma yaran nan ki sakar musu injina su kashe?”

“Baba, kai za ka koya musu. Idan sun kashe, malaminsu za mu tambaya.”

Aka yi dariya, shi ma ya murmusa ba da son ransa ba. Doguwa ba ta ce komai a taron ba, sai da suka zauna a benci da rana ta ce a hankali, “Ƙawata, ni dai ki bar ni a teburina. Na saba da shi.” Uwar Ɗaki ta ce idan ta bar ta, ba ta da bakin tayar da kowa. Doguwa ta gyaɗa kai ta bi, kamar yadda take bin duk abin da ƙawarta ta ce.

Watannin farko aiki ya yi nauyi. Zannuwa suna fita a makare, masu gyaran ɗakuna suna saukowa suna mita, Manaja ya aiko a tambaya ko lafiya. Baba ya ƙona rigar wani ma'aikacin kicin, ya kawo ta da kansa ya ajiye a gabanta yana ƙunƙuni. Ta daure. Kafin shekara ta zagayo, ɗakin ya zama idan mutum biyu ba su zo ba, ba wanda zai gane daga sama. Baba kuwa ya zama shi ne mai alfahari da ɗalibansa, yana cewa Barkono tana jin ciwon inji daga ƙararsa kamar shi.

Barkono dai ba ta canza hali ba. Ita kaɗai ce take ja da Uwar Ɗaki a fili. Wata rana ana cikin ninke tawul ta ajiye nata ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Anti, ninkin nan naku na dā ɓata lokaci ne. Mu ninka a nan, masu gyaran ɗakuna su warware su sake ninkawa yadda ake ratayawa. Me zai hana mu yi irin nasu tun daga nan?”

Ran Uwar Ɗaki ya ɓaci. Ninkin nan ita ta koya wa kowa a ɗakin. Ta ce, “Yi yadda aka nuna miki,” ta wuce. Amma washegari da safe ta hau bene ba tare da ta gaya wa kowa ba, ta tsaya a bakin wani ɗaki tana kallon mai gyara tana warware tawul ɗaya bayan ɗaya tana sake ninkewa. Ta sauko, ta tsayar da aiki, ta ce, “Jiya Barkono ta faɗi magana, na ƙi ji. Na je na gani, gaskiyarta ce. Zo ki nuna mana.” Bayan an watse ta ja ta gefe ta ƙara da cewa, “Amma gobe idan kina da irin wannan, ki sassauta murya. Ba kurma ba ce ni gaba ɗaya, kunne ɗaya yana nan.”

Haka aka yi ta tafiya har gwiwoyinta suka fara ba ta matsala. Matakalar nan da take sauka da gudu a dā ta koma sai ta dafa bango. 'Ya'yanta sun girma, mijinta ya ajiye tuƙi, suka taru suka ce ya isa haka. Da ta kai wa Manaja maganar, ya ce ba zai kawo kowa daga waje ba, ta zaɓi wanda zai gaje ta, ta yi 'yan watanni tana nuna masa hanya.

Kowa a ɗakin ya ɗauka Doguwa ce. Ita ce mafi daɗewa, ba wanda ya kai ta iya guga, ba ta da abokin faɗa. Uwar Ɗaki ta yi kwanaki tana juya abin. Ta san ƙawarta ciki da waje. Doguwa ba ta iya ce wa mutum a'a, idan aka ɗaga mata murya sai idonta ya ciko, kuma a duk zamansu ba ta taɓa cewa ga wani abu da ya kamata a canza ba. Ta tuna shekararta ta farko, ta san cewa ita ta samu ta fita daga wannan hali da ƙyar, Doguwa kuwa a ciki za ta zauna, ma'aikata su hau kanta, na sama su danne ta. Barkono tana da kaifin da sai an rage, amma tana ganin abin da ya karkace, kuma ba ta tsoron hawa bene ta faɗa.

Ta hau ta gaya wa Manaja. Ya ɗaga gira ya ce, “Mai bakin nan?”

“Ita, ranka ya daɗe. Bakin zan yi aiki a kansa.”

Niyyarta ta je gidan Doguwa ranar hutu, su zauna ta yi mata bayani a tsanake. Ta yi ta ɗagawa saboda nauyin maganar. Kafin ranar ta zo, labari ya sauko daga ofis ta bakin wata mai gyaran ɗakuna, ya isa teburin guga.

Ranar da rana Doguwa ba ta zo benci ba. Uwar Ɗaki ta same ta a bayan injinan busarwa, tana zaune a kan kwandon kaya da abincinta a cinya, ba ta taɓa shi ba.

“Ƙawata,” ta ce.

“Na ji,” Doguwa ta ce, ba ta ɗago ba. “Allah ya sanya alheri.”

“Na so in zo gida in gaya miki.”

“Amma ba ki zo ba. A bakin yarinyar bene na ji, tana tambayata wai ko mun yi faɗa ne.” Sannan ta ƙara da cewa, “Tare muka shigo ɗakin nan. Ban taɓa saɓa miki ba, ko sau ɗaya.”

Uwar Ɗaki ta jawo wani kwando ta zauna da ƙyar. “Ban yi daidai ba da na bari kika ji a waje. Ki yafe mini wannan. Amma ki gaya mini tsakani da Allah, kina son aikin? Ki hau ofis ki yi jayayya da Manaja a kan sabulu, ki kira mutum ki ce masa aikinsa bai yi ba?”

Doguwa ta ɗago ta dube ta. “Ba na so,” ta ce. “Kin san ba na so. Amma da kin tambaye ni, ni in ce ba na so.”

Suka zauna haka har lokacin komawa aiki ya yi. Daga ranar gaisuwa ce kawai take haɗa su. Doguwa tana aikinta yadda ta saba, ba ta ɓata wa kowa rai ba, amma bencin ya zama na Uwar Ɗaki ita kaɗai, kuma abin yana ci mata rai fiye da ciwon gwiwa.

Ta ci gaba da abin da ta sa a gaba. Ta fara tafiya da Barkono taron safe na shugabannin sassa, ta ce mata ta zauna ta saurara, kada ta ce uffan sai an tambaye ta. Fitowarsu ta farko Barkono ta ce saura kaɗan ta fashe. Daga baya ta riƙa bar mata ɗakin a wasu ranaku, ita kuma ta ja kujera can ƙurya tana ninke ƙananan ƙyallayen tebur, ta ce duk mai tambaya ya je wurin Barkono. Idan aka zo wurinta, sai ta nuna kunnenta ta ce ba ta ji.

A irin wannan rana ce abu ya faru. An yi babban taro a otal, kaya suka sauko tuli. Baba Mai Inji ya ƙi cika wani inji yadda Barkono ta ce, wai yana jin wata ƙara a cikinsa, gara a rage masa kaya. Barkono tana ganin tarin zannuwa, ga masu gyaran ɗakuna a tsaye a bakin ƙofa, sai ta ɗaga murya.

“Baba, ba shawara nake nema ba. Ka cika shi. Idan aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa a sa wani.”

Hannaye suka tsaya. Baba ya dube ta, ya cire rigar aikinsa a hankali, ya ninke ta ya ɗora a kan injin, ya fita. Idanu suka koma ƙurya wurin Uwar Ɗaki. Zuciyarta tana ce mata ta tashi, ta san kalma biyu daga bakinta za su dawo da shi. Amma ta san idan ta tashi yau, gobe ma ita za a nema, kuma gobe ba ta nan. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ninki.

Barkono ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ta rasa inda za ta sa kanta. Sai Doguwa ta kashe dutsen gugarta, ta zo kusa da ita, ta yi magana ƙasa ƙasa, amma ɗakin ya yi shirun da kowa ya ji.

“'Yata, mutumin nan ya haifi kamarki. Shi ya koya miki injin nan. Yana nan a kan matakala, bai tafi ba, na san shi. Zo mu je, ni zan fara magana, ke ki ƙarasa.”

Suka fita tare. An ɗan jima suka dawo su uku, idon Barkono ya yi ja, Baba yana gaba yana gyaran murya. Ya ɗauki rigarsa ya sa. Barkono da kanta ta rage kayan injin. Ba a gama aikin ranar a kan lokaci ba, ita ce kuma ta hau bene ta ba da haƙuri, ba ta ambaci sunan kowa ba.

Da aka tashi ta zo ta tsaya a gaban Uwar Ɗaki. “Anti, me ya sa ba ki ce komai ba?”

“Ɗakinki ne yau.”

“Na ɓata.”

“Kin ɓata, kin kuma gyara. Abin da nake so ki riƙe shi ne, gaskiyarki a kan kaya sun yi yawa, gaskiyarsa a kan inji. Da kin ja shi gefe kin tambaye shi me ya ji, da kun sami mafita ku biyu. Kuma ki lura da wadda ta fitar da ke yau. Akwai abin da take da shi wanda ni da ke ba mu da shi. Kada ki bari ya zauna a teburin guga kawai.”

Barkono ta ji. Da ta karɓi ɗakin, abu na farko da ta nema a wurin Manaja shi ne a ɗora Doguwa a kan horar da sababbin ma'aikata, duk wanda aka ɗauka ya fara zama a hannunta. Doguwa ta ce sai ta yi tunani, ta yi tunanin, ta karɓa.

Ranar da Uwar Ɗaki ta yi sallama ba a yi wani dogon biki ba. An kashe injuna na ɗan lokaci, aka sha lemo, Baba ya yi jawabi mai tsawo wanda rabinsa a kan injuna ne. Doguwa ta rungume ta. Manaja ya ce wa Uwar Ɗaki ƙofa a buɗe take duk ranar da ta so leƙowa. Ba ta leƙa ba. Ta ce wa mijinta idan ta je, kowa zai riƙa kallon fuskarta kafin ya bi maganar yarinyar.

Zaman gida ya yi mata wuya da farko. Ta sake jera kayan kicin, ta sake jera na ɗaki, har mijinta ya ce idan ta taɓa akwatin kayan gyaransa zai kai ƙara wurin 'ya'ya. Daga baya jikoki suka cika mata hannu.

Wata ranar hutu da yamma, bayan watanni, tana tsakar gida tana yanke wa ƙaramin jikanta farce, aka yi sallama. Doguwa ce, da leda a hannu cike da lemon zaƙi. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, irin ta waɗanda ba su san ta inda za su fara ba. Aka kawo mata ruwa ta sha. Sai ta ajiye kofin ta ce, “Ƙawata, yarinyar nan taki za ta kashe mu. Kin san ta juya teburan guga gaba ɗaya sun fuskanci ƙofa?”

“To, ya aikin yake a haka?”

Doguwa ta rage murya. “Ya fi sauri,” ta ce. “Amma ban gaya mata ba.”

Suka yi dariya har jikan ya tsorata ya janye hannunsa. Daga nan hira ta ɓarke. Doguwa ta ba ta labarin sababbin yara uku da ke hannunta, ɗaya mai hankali, ɗaya mai barci a tsaye, ɗaya kuma wadda ta ce sai an yi da gaske, don ba ta tambaya ko ba ta gane ba. Ta ce jiya ma sai da ta zaunar da ita ta yi mata magana mai zafi, har ita kanta ta yi mamakin bakinta. Uwar Ɗaki ta karkata kai tana saurare, ba ta ba da shawara ba, don ba a nema ba.

Da rana ta yi sanyi Doguwa ta miƙe. Uwar Ɗaki ta jawo mayafinta ta ce za ta taka mata zuwa bakin titi. Doguwa ta ce ta zauna saboda gwiwa, Uwar Ɗaki ta ce likita ma cewa ya yi ta riƙa tafiya. Suka fito a hankali, Doguwa tana rage tsawon takunta, jikan yana biye da su da lemo ɗaya a hannu. Motar farko ta zo ta tsaya, suna tsakiyar magana, suka bar ta ta wuce.